Ɗan dutsen da ke ƙirga wa kifi kwanakinsa

Yau bakin ruwa zan kai ku, kuma da tambaya zan fara. Idan aka kamo jaririn tarwaɗa a dam ɗin Warwade da ke kusa da Dutse, wanda bai fi tsawon farce ba, ta yaya za a san kwanansa nawa a duniya?

Amsar tana cikin kansa. Kifi yana da kunne, sai dai a ciki yake, ba ya fitowa waje irin namu. A cikin kunnen akwai 'yan duwatsu, uku a dama uku a hagu, da ke taimaka masa wajen ji da daidaita jiki a ruwa. Sinadarinsu irin na ɓawon ƙwai ne.

To ga inda abin yake burge ni. A 1971 wani masani mai suna Giorgio Pannella ya gano cewa kowace rana sai dutsen ya ƙara sabon zagaye guda, kamar dai zagayen da kuke gani idan an yanka albasa. Sai a ciro shi da allura, a ɗora a madubin likita, a ƙirga. Zagaye 20, kusan kwana 20 ke nan.

Daga nan lissafin ɗan firamare ne. A ce ya fito daga ƙwai da tsawon milimita 5, an kama shi yana da 25, zagayensa 20. Ya ƙaru da milimita 20 a kwana 20, wato milimita 1 a rana. Kuma zagayen ba ɗaya suke ba: ranar ƙoshi da ɗumin ruwa yakan yi faɗi, ranar yunwa ko sanyi irin na hunturu sai ya tsuke. Masana kan fara gwada hanyar a kan 'ya'yan kifin da aka ƙyanƙyashe a gona, waɗanda aka san ranar fitowarsu, don tabbatar da cewa zagaye ɗaya kwana ɗaya ne.

Me ya shafe mu? Tarwaɗa da damina take saka ƙwai, lokacin da Kogin Haɗeja ya cika ya malala fadamun Ringim da Miga. Amma tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, wannan cikar ba ruwan sama kaɗai ke yanke hukuncinta ba, har da ranar da aka buɗe ƙofar dam. In ka ƙirga zagayen ka koma baya, za ka san makon da kifin ya ƙyanƙyashe. Da wannan ne za a iya cewa ga lokacin da ya kamata ruwa ya isa fadama, ga kuma lokacin da ya kamata masunta su ɗaga wa 'ya'yan kifi ƙafa, su ajiye raga mai ƙananan idanu.

Ɗalibanmu na Jami'ar Tarayya ta Dutse masu neman abin bincike, ga aiki nan a ƙofar gida. Ku ajiye mini ra'ayinku a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.