Nannaɗewar Ganye a Tsirran Ado a Birnin Dubai: Musabbabai da Hanyoyin Magancewa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi matsalar nannaɗewar ganye a tsirran da ake renonsu domin ado a gidaje da ofisoshi da lambunan Dubai. An nuna cewa alama ɗaya ce take fitowa daga musabbabai mabambanta, wasunsu ma kishiyoyin juna, don haka gane musabbabi shi ne abin da ya kamata ya gabaci kowane magani.

1.0 Gabatarwa

Dubai birni ne da aka kafa a kan rairayi. Ruwan saman da yake samu a shekara bai cika wuce milimita 100 ba, zafin watannin Yuli da Agusta kuwa yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. Lambun furanni na Dubai Miracle Garden, wanda aka buɗe a 2013, rufe ƙofarsa yake yi duk lokacin zafi, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna irin yanayin da tsiro yake fuskanta. Duk da haka kasuwar tsirrai ta Warsan cike take da Calathea da Dracaena da Croton da nau'o'in Ficus, 'yan uwan cediya da durumi, waɗanda asalin da yawansu dazuzzuka ne masu laima da inuwa. Mutum ya sayi tsiro yana sheƙi, bayan 'yan makonni ganyen ya soma naɗewa. Abin da akasari ake yi shi ne a ƙara ruwa, kuma sau da yawa ƙarin ruwan ne yake ƙarasa tsiron.

2.0 Ƙishi, da abin da yake kama da ƙishi

Ganye yana miƙewa ne saboda ruwan da ya cika ƙwayoyin halittarsa. Idan ruwan da yake fita ta ƙofofin numfashin ganye ya fi wanda saiwa take janyowa, ƙwayoyin sukan saki, ganyen ya naɗe, ta haka ya rage fuskar da rana da iska suke bugu. Manomin dawa da masara ya san wannan: idan ruwa ya yi jinkiri, ganye yakan murɗe da tsakar rana, ya ware da la'asar sakaliya. Naɗewar da take warewa da yamma dabarar kare kai ce. Wadda ta kwana ta wuni ita ce abin dubawa.

A waje, rana da iskar shamal mai ƙura suke haddasa wannan. A cikin ɗaki kuwa na'urar sanyaya wuri ce, domin tana tsotse laimar iska dare da rana, kuma Calathea da aka ajiye daidai bakin hurawarta ba ta daɗewa ba ta naɗe kamar tabarma ba. Maganin a nan ba shi da tsada: a janye kasko daga bakin na'ura da jikin gilashin da rana take duka, a tara tsirran wuri guda su raba laimar juna, a waje kuma a yi rumfar raga a rufe ƙasa da ciyawa ko ɓawon itace, a yi ban ruwa da asuba.

Inda ake yawan kuskure shi ne ruɓewar saiwa. Saiwa tana buƙatar iska. Kaskon da ba shi da huda, ko wanda yake zaune cikin faranti mai ruwa, yakan shaƙe ta, sa'annan ƙwayoyin cuta irin su Pythium da Phytophthora su samu shiga. Ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta jan ruwa, saboda haka ganye yana naɗewa da ƙishi alhali ƙasar jiƙe take sharkaf. A tura yatsa cikin ƙasa kafin a ɗauki butar ban ruwa. Idan akwai danshi amma ganye ya naɗe, a zare tsiron a duba: lafiyayyiyar saiwa fara ce mai ƙarfi, mai ciwo baƙa ce mai laushi da wari. A yanke ruɓaɓɓen, a sauya ƙasa da kasko.

3.0 Gishiri

A ganina wannan ne musabbabin da ya fi keɓantar Dubai, kuma shi aka fi mantawa da shi. Ruwan famfo daga teku ake tace shi, mafi yawa a tashar Jebel Ali, lambunan tituna kuwa da ruwan da aka sake tacewa bayan amfani ake ba su, wanda gishirinsa ya fi na famfo. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a wurare da dama zartsi ne. Duk ban ruwa yana barin ɗan gishiri, zafi ya ƙone ruwan, gishirin ya zauna; ga shi babu damina da za ta wanke ƙasa kamar yadda take yi a Zariya ko Sakkwato. Takin zamani da aka zuba fiye da kima shi ma gishiri ne. Idan ya taru, yakan riƙe ruwa ya hana saiwa sha. Alamarsa ita ce gefen ganye ya ƙone ya naɗe, a ga farin ɓawo kamar kanwa a bakin kasko. Girman matsalar a yankin ne ya sa aka kafa cibiyar ICBA a Dubai a 1999 domin nazarin noma da ruwan gishiri.

Magani shi ne wanke ƙasa: lokaci-lokaci a kwarara ruwa mai yawa har ya riƙa fita ta hudar kasko, a zubar da abin da ya taru a faranti, a dakatar da taki a tsakiyar zafi. Yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan kullum, wanda mutane suke ɗauka tattali ne, tara gishirin yake yi a saman ƙasa.

4.0 Ƙwari da cututtuka

Idan sabon toho ne yake murɗewa, tsofaffin ganye kuwa lafiya lau, to a juya ganyen a duba bayansa da gilashin ƙara girma. Darɓa tana barin danƙo mai sheƙi. Jan gizo-gizo ƙanana, waɗanda busasshiyar iskar ɗaki take yi wa daɗi, suna barin ɗige-ɗige da siririyar saƙa. A kan Ficus akwai ƙwaron Gynaikothrips da yake ninke ganye gida biyu ya zauna ciki, feshi ba ya isa gare shi, sai dai a tsinke ganyen. Sauran kuwa wanka da ruwa, sannan feshin ruwan sabulu marar ƙarfi ko man darbejiya, yana maganinsu idan an maimaita mako-mako. Da yamma za a yi, domin mai a kan ganye cikin rana ƙuna yake jawowa.

Farin ƙuda, Bemisia tabaci, ya fi su haɗari saboda bairos da yake ɗauka daga tsiro zuwa tsiro. Cutar nannaɗewar ganyen auduga a Nijeriya aka fara ba da rahotonta, a 1912, kuma masu noman tumatir na rani a Kadawa sun san 'yar uwarta. Furen Hibiscus na ado dangi ɗaya yake da auduga da kuɓewa da yakuwa, yana kuma kamuwa da irin waɗannan bairos. Ganyen yakan naɗe kamar koko, jijiyoyinsa su yi kauri, tsiron ya tsumbure. Wannan ba shi da magani. A tumɓuke tsiron, a ɗaure shi cikin leda a fitar, kada a ɗauki reshensa domin dashe. Sabon tsiro daga kasuwa kuma a keɓe shi kamar mako biyu kafin a haɗa shi da na gida.

Ganyen da ya riga ya ƙone ko ya murɗe ba ya komawa yadda yake, don haka a sabon toho ake duba ko maganin ya ci. Ga mai shirin lambun waje, zaɓen tsiro ya fi duk waɗannan dabaru tasiri: itacen ghaf, ɗan uwan ƙirya, da Bougainvillea da kariya, wato Adenium, suna jure zafin Agusta da ruwa kaɗan, Croton kuwa sai an ba shi inuwar yamma.