Kesadiya: Wainar Meziko Mai Fuskar Kabewa

A daren 31 ga watan Oktoba na kowace shekara, yara a Amurka sukan yi shigar ban tsoro su bi gida-gida suna karɓar alewa. Wannan shi ne bikin Halowin, wanda baƙi daga Ailan da Sikotlan suka kai can a ƙarni na 19. Alamarsa kabewa ce da aka rarake cikinta, aka yanka mata idanu da baki, aka kunna kyandir a ciki. Matan gida sun kai wannan fuska har kan faranti. Sukan ɗauki faifan waina biyu, su yanke idanu masu kusurwa uku da baki mai giɓi a jikin na sama, su zuba cuku ja-ja a tsakani, su gasa. Da cukun ya narke sai ya leƙo ta ramukan kamar hasken kyandir. Sunan abincin kesadiya.

Mu dai ba ma yin wannan biki, amma abincin ya cancanci mu san shi, domin tushensa masara ce, kuma masarar da muke gasawa a bakin hanya da kaka daga ƙasar Meziko ta samo asali. A can ne mahaifar kesadiya. Wainar, wadda suke kira tortiya, ta mutanen ƙasar ce tun dubban shekaru. Cuku kuwa sai bayan da Turawan Sifaniya suka ci babban birninsu a 1521 ya shigo tare da shanu. Kalmar ma daga keso ta fito, wato cuku da Sifaniyanci.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne yadda suke sarrafa hatsin. Ba sa niƙa masara da ɗanyenta. Sai sun dafa ta da ruwan toka ko na farar ƙasar shafen bango, ta kwana a jiƙe, a wanke, sannan a markaɗa. Wannan dahuwa tana sassauta dusa, tana sa ƙullun ya kama jikinsa, tana kuma sakin sinadarin niyasin da jiki ba ya iya tsotsa sosai daga masarar da ba a yi wa haka ba. Turawa sun ɗauki irin, suka bar dabarar, sai cutar pelagra mai ɓata fata da kawo zawo ta addabi talakawan Italiya da kudancin Amurka da suka dogara ga masara.

A Meziko akan naɗe waina ɗaya gida biyu a gasa ta a kasko mai faɗi. Cikinta cukun Wahaka mai jan zare, ko furen kabewa, ko kuma, abin mamaki, baƙar burtuntunar masara, wadda manominmu zai tsinke ya jefar, su kuwa suna sayen ta da tsada. A babban birnin ƙasar, mai tuya za ta iya tambayarka ko da cuku kake so, abin da mutanen sauran jihohi ke yi wa dariya. Bikinsu na wannan lokaci daban ne da Halowin: ranakun 1 da 2 ga Nuwamba suke tunawa da matattunsu, al'adar da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam a 2008.

Ga ƴan'uwanmu da ke zaune a waɗancan ƙasashe, akwai wurin lura. A al'ada, tortiyar masara ba ta ƙunsar komai sai masara da ruwa da farar ƙasa. Ta fulawa, wadda aka fi sani a arewacin Meziko da Amurka, a al'ada da kitsen alade ake kwaɓa ta, ko da yake masana'antu da yawa man gyaɗa ko makamancinsa suke sawa. Dakakken waken da ake haɗawa da ita ma sau da yawa da kitsen ake soya shi, haka tsiren hanjin da suke kira coriso naman alade ne. A duba jikin leda: lard da Ingilishi, manteca da Sifaniyanci, saindoux da Faransanci. In a gidan abinci ne, a tambayi mai tuya da wane mai ta shafa kaskon.