Kamun karfasa a tabki lokacin bazara

Ƴan'uwa manoma na Madawa da Buza da Keita, bazara ta shigo. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a ƙasarmu ta Adar. Aikin gona bai kama ba, hatsi ya ja baya cikin rumbu, nama ya yi tsada a kasuwa. A wannan lokaci ne mutane da yawa ke ɗaukar fatsa su nufi tabki. Wani ya komo da abin miya, wani ya wuni cikin rana ya komo hannu banza. Wani ƙauye kuma ya kwashe kifin tabkinsa kaf, baɗi ya rasa ko ɗaya. Ku karanta wannan bayani, ku karanta ma waɗanda ba su shiga makarantar yaƙi da jahilci ba.

Ruwan da muke da shi

Ƙasarmu ba ta da babban kogi. Abin da muke da shi tabkuna ne da madatsun ruwa. Akwai tabkin Keita da madatsar Ibohaman. Akwai madatsun Mozage da Zongo bisa gulbin Majiya, waɗanda ke ba gonakin Ƙonni ruwa. Gaba kaɗan akwai tabkin Tabalak da na Ɗan Dutsi, waɗanda aka sa cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na duniya a 2005. Babban aikin raya karkara na Keita, wanda aka soma a 1984 da taimakon ƙasar Italiya da hukumar FAO, ya ƙara gina madatsu cikin kwaruruka, ya dasa miliyoyin itatuwa.

Yawancin kifin da ke cikin irin waɗannan ruwaye zuba shi aka yi. Ma'aikatan gandun daji da ƙungiyoyin masunta ke ɗauko ƙananan kifaye daga wani ruwa su saka. Ke nan kifin tabki kamar iri yake cikin rumbu. In an cinye shi duka, sai an sake nema da kuɗi.

Abin da zafi ke yi ma kifi

Kifi yana numfashi da iskar da ke narke cikin ruwa, wadda masana ke kira oksijin. Ruwan zafi ba ya riƙe wannan iska kamar ruwan sanyi. A digiri 20, lita guda ta ruwa tana iya riƙe wajen miligiram 9. A digiri 30 ba ta kai 8 ba. Ga shi kuma rana da iska suna shanye tabki kullum, ruwa ya ragu, kifi ya taru wuri guda, dabbobi su dama laka.

Gansakuka da ciyawar ruwa suna ba da iska da rana. Da dare kuwa su ma shaƙa suke yi. Shi ya sa iskar ruwa ta fi ƙaranci da asuba. In kun je tabki da assalatu kuka tarar da karfasa ta taso sama tana buɗe baki, ba yunwa take ji ba, numfashi take nema. A wannan sa'a ba ta cin ƙugiya.

Tarwaɗa ba ta damu da wannan ba sosai, don tana iya shaƙar iskar sarari. Gaiwa kuma, in ruwa ya ƙafe, sai ta shige cikin laka ta kwanta har damana. Karfasa ce ba ta da wannan dabara. Ita ce zafi ya fi wahalarwa, ita ce kuma ya kamata mu san halinta.

Lokaci da wuri

Ku jira rana ta fito ta ɗan ɗaga. Daga ƙarfe 7 zuwa ƙarfe 10 na safe karfasa tana kiwo a gefen ruwa. Daga la'asar zuwa magariba ta sake fitowa. Da tsakar rana ruwan gefe ya yi zafi, sai ta ja ciki ta nemi inuwa.

Ku nemi wurin da ke da inuwa da ɗan zurfi: gindin bagaruwar da ruwa ya ci, gefen bado da kacalla, jikin duwatsun madatsa, da tsohuwar hanyar gulbi da ta ratsa tabkin. Kada ku saki ƙugiya har ƙasa a wuri mai zurfi. Can ƙasa ganye da kashin dabbobi suna ruɓewa, iska ta yi kaɗan, karfasa ba ta zama. Ku soma da zurfin kamu 2. In an jima ba ta taɓa ba, ku ƙara zuwa kamu 3 ko 4. Inda kuka kama guda, ku tsaya nan, don karfasa garke take yi.

Fatsa da abin ɗanawa

Bakin karfasa ƙarami ne. Babbar ƙugiyar tarwaɗa ba ta kama ta, sai dai ta tsince abincin ta tafi. Ku sa ƙaramar ƙugiya da siririn zare. Guntun karan dawa busasshe ya isa ya nuna maku lokacin da ta taɓa. Tana da gara da ƙananan fara duk tana ci. A bazara ƙasa ta bushe, tana ta yi wuyar samu, sai a garka ko gefen rijiya. In babu, ku kwaɓa dusar hatsi da sauran tuwo, ku mulmula ƙanana kamar ƙwayar wake.

Ga wata dabara. Ku zuba ƴar dusa, cikin tafin hannu guda, a wuri ɗaya kuma lokaci ɗaya, kwana 2 ko 3. Kifi zai saba da wurin. Kada ku zuba da yawa, don abin da bai ci ba ruɓewa yake yi ya ɓata ruwa. Ku zauna shiru, kada inuwarku ta faɗa bisa ruwa. Hausawa sun ce kifi na ganin ka, mai jar koma.

A bar ma baɗi

Namijin karfasa yakan tona ɗan rami kamar kwano a ƙasan ruwa marar zurfi. Nan mace ke saka ƙwai, sannan ta kwashe su cikin bakinta ta riƙe har su ƙyanƙyashe. In kun kama karfasa kuka ga ƙwai ko ƴaƴa cikin bakinta, ku maida ta. Uwa guda tana ɗauke da ɗaruruwa. Wadda ba ta kai tafin hannu ba, ita ma ku maida ta ta girma.

Masu birgi da kalli, ku duba idon ragarku. Ma'aunin da masunta suka sani shi ne yatsa 3 su shiga. Gidan sauro an raba shi ne don kare yara daga zazzaɓi. Wanda ya ja shi cikin tabki ya kwashe har ƴaƴan kifi. Taru kuma, in an ja shi cikin ragowar ruwan bazara, yana share kome, yana rushe ramukan ƙwai.

Zuba guba ko maganin ƙwari cikin ruwa don kifi ya taso laifi ne. Tun 1998 dokar kamun kifi ta ƙasar Nijar ta hana shi. Ruwan nan shi ne shanu da raƙuma ke sha, shi ne mata ke ɗiba, shi ne ake ban ruwan albasa da shi.

Tabki iri biyu ne. Wanda kuka san yana ƙafewa kowace shekara, a taru a kame kifinsa kafin ya mutu cikin laka. Wanda ke kai damana, a bar masa iri. Wannan shawara ba ta mutum guda ba ce. Mai gari da sarkin ruwa da ƙungiyar masunta da makiyaya da masu garka su zauna tare da ma'aikacin gandun daji, su tsaida ranar rufe ruwa da ranar buɗewa. Ku da kuka iya rubutu, ku riƙe littafi: ranar da aka zuba kifi, ranar da aka buɗe, kilo nawa aka kama. Baɗi littafin zai nuna maku ko tabki yana ci gaba ko yana ja da baya.

Kifi ya fito ruwa

Cikin zafin bazara kifi yana lalacewa cikin ƴan awoyi. Da an kama, a fede ciki, a fid da hanji, a wanke da ruwan rijiya. A sa shi inuwa, a rufe da jiƙaƙƙen buhu. Wanda ba za a ci ko a sayar ranar ba, a yi bandarsa, ko a tsaga a barbaɗa gishiri, kilo 1 ga kilo 3 na kifi, a shanya bisa rumfa nesa da ƙasa. Kada a fesa ma busasshen kifi maganin ƙwari don ƙuda. Mai ci shi ke shan gubar.

Ku kula da jikinku

Tsargiya tana zaune cikin ruwan tabki. Ƙananan dodon koɗi ke sakin ƙwayarta, tana shiga ta fatar mutum, kuma ta fi yawa cikin ruwa da tsakar rana. Mai fatsa daga bakin gaɓa ya fi mai shiga ruwa tsira. Yaron da ke fitsarin jini a kai shi gidan likita, akwai magani mai suna praziquantel. Kada kowa ya yi fitsari ko bayan gida cikin tabki, don ta nan cutar ke komawa ruwa. Ku tafi da malfa da gorar ruwan sha. Kada a bar yara su kaɗai kusa da madatsa, laka tana riƙe ƙafa.

Abu na ƙarshe shi ne yashi. Kowace damana ruwa yana sauko da ƙasa daga tudu ya zuba cikin tabki, tabki ya rage zurfi, ya riƙa ƙafewa da wuri. Jera duwatsu a gona da dasa itace bisa tudu aikin tsare kifi ne, ko ga wanda bai taɓa riƙe fatsa ba.

Allah ya kai mu damana lafiya, ya cika mana tabkunanmu.