An Rubuta Mata 1/4, Amma Bakinta Ya Haura Rabin Inci: Yadda Ake Gane Tsofaffin Sifanoni

Idan hanya ta taɓa bi da kai ta Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ka san irin tsofaffin ƙarafan da ake bajewa a kan buhu a bakin rumfa: notuna, guduma, filaya, da sifanonin da tsatsa ta cinye musu fuska. A ce ka tsuguna ka ɗauki sifana ɗaya, ka murza ta da babban yatsa, sai ka ga an buga mata 1/4 W. Kwatan inci dai bai kai kaurin fensir ba. Amma bakin da ke hannunka ya haura rabin inci. Mai kaya zai ce maka, "Ai tsohuwar lamba ce, ba ta kama komai," ya sallama maka a kuɗin ƙarfe.

To, ba kuskuren masana'anta ba ne. Lambar nan ita ce takardar haihuwar sifanar, sai dai an rubuta ta da ma'aunin da aka daina yayi. Wanda ya iya karanta ta zai gaya maka ƙasar da aka ƙera ta, da zamaninta, da irin injin da aka yi ta dominsa. Wanda bai iya ba kuwa, sai ta bi 'yan gwangwan, a ɗora a sikeli, a narke. Alhali a Ingila da Amurka akwai masu tara irin waɗannan kayan, akwai kuma masu tayar da tsofaffin motoci da babura da ba su da yadda za su yi sai da su.

Daga ina wannan W ta fito?

Kafin 1841, kusan kowace masana'anta a Ingila da irin zaren da take yanka wa notinta. Zare a nan shi ne murɗaɗɗen layin nan da ke jikin bolti da cikin noti. Notin wannan kamfani ba ya hawa boltin wancan. A shekarar ne wani injiniya mai suna Joseph Whitworth ya gabatar da tsari guda: kusurwar zare ta zama digiri 55, kuma kowane kaurin bolti yana da adadin zarensa. Kamfanonin jirgin ƙasa suka rungumi tsarin, har ya zama na ƙasar baki ɗaya. W ɗin da ka gani farkon sunan mutumin ne.

Abin da ke rikita mutane shi ne, a tsarin Whitworth ba faɗin bakin sifana ake rubutawa ba. Kaurin sandar boltin ake rubutawa. Wato 1/4 W na nufin "wannan ce ke kwance notin da ke kan bolti mai kaurin kwatan inci." Shi kuwa noti ai ya fi sandar da yake zagaye faɗi. Shi ya sa bakin ya kai milimita 13.3.

A 1908 aka ƙara wani tsari mai ƙananan zare, ana ce masa BSF, wanda kan notinsa ya gaza na Whitworth da mataki ɗaya. Sai ya zama sifana ɗaya na aiki biyu, har ake buga mata lamba biyu, misali 1/4 W da 5/16 BSF a baki guda. Ka ga kenan mai lamba biyu ba za ta girmi 1908 ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ma an rage kan notunan Whitworth zuwa girman na BSF don a yi tsimin ƙarfe.

Ta yaya suka zo mana? Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma injinansa na Ingila ne. Haka tsofaffin Land Rover, da manyan motocin Bedford, da injinan ban ruwa da na masaƙu. Kowanne da akwatin kayan aikinsa ya zo. Da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, ga kuma motocin Japan sun cika gari, sai milimita ta karɓe garejin bakanike. A Jamhuriyar Nijar kuwa, da yake Faransa ce ta yi mulki, tun farko milimita aka fi sani.

'Yan uku masu kama da juna

Kafin ka sayi komai, ka tanadi ma'aunin nan mai baki biyu da injiniyoyi ke kira baniya kalifa. Na roba ma ya wadatar. Dalili kuwa, akwai tsari uku da ido ba ya rabewa:

- 1/2 AF: bakinta milimita 12.7. Haruffan AF na nufin an auna daga gefen noti zuwa gefen da ke kallonsa, da inci. Wannan salon Amurka ne. Ingila ta shigo cikinsa sosai bayan ta daidaita zarenta da Amurka da Kanada a ƙarshen shekarun 1940.
- 13: milimita 13 cif, wadda kowane yaron gareji ya sani.
- 1/4 W: milimita 13.3.

Tsakanin ta farko da ta ƙarshe bai wuce kaurin farce ba, amma a nan ake ɓarna. In sifana ta yi wa noti ɗan yawa, ba ta kama gefensa, sai ƙarfin hannunka duka ya taru a kan ƙananan kusurwoyi biyu. Ƙarfi mai yawa a wuri kaɗan, ƙarfe ya lotse, noti ya zama kamar kan sanda. Bakanike zai ce noti ya cinye. Sau da yawa ba laifin notin ba ne.

Ga wasu lambobin Whitworth da za ka riƙe: 3/16 W milimita 11.3 ce, 5/16 W kuwa 15.2, 3/8 W ta kai 18.0, sannan 1/2 W ta kai 23.4. In kuma ka ci karo da 'yan mitsi-mitsi masu lamba irin 2 BA ko 4 BA, na kayan lantarki ne da na'urorin awo na Ingila. Su nasu a juye yake: lamba na ƙaruwa, baki na raguwa.

Karanta jikinta

Bayan lamba, sai tambari. Daga Ingila za ka fi haɗuwa da King Dick ta Birmingham, da Britool, da Gordon ta Sheffield, da Snail Brand mai hoton dodon koɗi. Daga Jamus akwai Gedore da Hazet, dukansu na garin Remscheid, da Stahlwille ta Wuppertal. Daga Amurka akwai Williams da Snap-on. Ita Snap-on an kafa ta a 1920 a Milwaukee, da dabarar kawuna goma da ake cirewa a maƙala wa hannuwa biyar, kuma tun shekarun 1920 take buga wata 'yar alamar shekara a jikin kayanta. Sifana mai dunƙulen murzawa, wadda bakinta ke buɗewa yana rufewa, in ka ga Bahco a jikinta to ta Suwidin ce, inda Johan Petter Johansson ya yi rajistar fasaharta a farkon shekarun 1890.

Sunan ƙasa ma agogo ne. Duk ƙarfen da aka buga wa "West Germany" an yi shi ne lokacin da Jamus ke rabe biyu, tsakanin 1949 da 1990. "Occupied Japan" na nuna 'yan shekarun da suka biyo bayan yaƙi, kafin 1952 ta ƙare. Alamar kibiya mai layi uku, kamar sawun kaza, shaida ce cewa kayan gwamnatin Birtaniya ne, galibi na soja, kuma sau da yawa akwai shekara a gefenta. In ka ga lambar DIN, kamar DIN 895, ƙa'idar Jamus aka bi. Sai dai ka lura, kamfanonin wasu ƙasashe ma suna buga DIN, don haka ita kaɗai ba ta isa hujja ba.

Ƙira ce ko zubi?

Nan kimiyyar take. Sifanar kirki ƙera ta ake yi: a gasa ƙarfe ya yi ja, a sa shi tsakanin mazubi biyu, wata ƙatuwar guduma ta faɗo masa. Abin da "Drop Forged" ke nufi kenan. Aikin maƙerin gargajiya ne da masaba da uwar maƙera, sai dai inji ke dukan. Dukan yana sa ƙwayoyin cikin ƙarfen su miƙe su bi siffar sifanar, kamar yadda jijiyar itace ke bin reshe, kuma yana toshe ƙananan ramukan ciki. Ta zubi kuwa narka ƙarfen aka yi aka zuba, ƙwayoyinsa ba su bi wata hanya ba, wani lokaci ma da kumfar iska a ciki. In aka matsa mata, karyewa take yi farat ɗaya, hannunka ya daki inji.

Yadda za ka gane: dubi gefenta. Ta ƙira tana da ɗan faffaɗan layi inda aka datse ragowar ƙarfe. Ta zubi layinta siriri ne, jikinta na da kaushi kamar yashi, rubutunta kuma ya yi dishi-dishi. Akwai kuma shafaffu, waɗanda aka yanko daga farantin ƙarfe, irin na jakar bayan sirdin keken Raleigh. Su ba jabu ba ne, haka aka yi su.

Rubutun "Chrome Vanadium" shi ma yana da abin faɗa. A shekarun 1920 ne aka fara yawaita sa irin wannan gauraye a kayan hannu. Ɗan kuromiyam da banadiyam da ake zubawa na ƙara wa ƙarfe tauri da juriya, sai aka samu damar yin sifana siririya ba tare da ta buɗe baki ba. Saboda haka in ka ga mai kauri, baƙa, mai nauyi, babu wannan rubutu, akwai alamar ta kwana biyu. Amma kada ka ruɗu, rubutun nan har a kan masu arha na yau ana buga shi. Hujja ɗaya ba ta yanke hukunci, sai lamba da tambari da ƙira sun yi magana ɗaya.

Saiti ne, ko tsince-tsince?

Sifana guda ba ta cika wuyar samu ba. Abin da ke wuya shi ne saiti cikakke, wanda tun daga masana'anta suke tare. Shekara sittin a gareji, dole wata ta ɓata, wata a ara ba a dawo da ita ba, ƙananan kuma su suka fi saurin salwanta. Mai sayarwa na iya cike giɓin da wata mai kama.

Jera su a ƙasa daga ƙarama zuwa babba. Shin tambarin iri ɗaya ne, har da salon haruffan? Kamfani ɗaya kan sauya tambari bayan wasu shekaru, don haka suna ɗaya bai isa ba. Shin launin jikinsu da yadda suka tsufa ya zo ɗaya? Sannan bi lambobin. A saiti da yawa suna kama hannun juna: 3/16 da 1/4, sai 1/4 da 5/16, sai 5/16 da 3/8. Inda sarƙar ta tsinke, an yi ɓatan ɗaya. In akwai jakar tamfol ko akwatin asali, ƙirga aljihunan. Kada ka yar da jakar nan komai yagewarta, domin ta fi ƙarfen saurin lalacewa, saboda haka ta fi shi wuyar samu. Saitin da ya zo da mota, mai ɗauke da sunan kamfanin motar, kamar na Ford Model T da aka ƙera daga 1908 zuwa 1927, yana cikin waɗanda masu tarawa ke nema.

Kada garin gyaran gira a rasa ido

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne ya kai wa mai injin wasa wuƙa, a goge ta har ta yi ƙyalli. An kankare tsatsa, an haɗa da lamba da tambari da shekara. Abin da ya rage ƙarfe ne kawai.

Tsatsa haɗuwar ƙarfe ce da iska da danshi. Fara da mai sauƙi: jiƙa ta a kananzir, ka goge da tsohon buroshin haƙori. In tsatsar ta yi kauri, ruwan binega na cin ta, amma ka riƙa dubawa bayan 'yan sa'o'i, don in ya gama da tsatsa ƙarfen zai koma ci. Da ka cire, ka ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe tsamin, ka busar nan take, ka shafa ɗan mai. In danshin iska ya yi ƙasa da wajen kashi 60 cikin 100, tsatsa kan yi sanyi ƙwarai, don haka hunturu ba abin tsoro ba ne. Damina ce abar kula. Kada ka bar su a ƙasan siminti ko cikin leda mai gumi.

Gargaɗi ɗaya da ya shafi lafiyarka. A lokacin yaƙi an yi ƙarancin kuromiyam, sai wasu masana'antu, musamman a Amurka, suka koma shafa wa kayansu kadmiyam. Launinsa toka-toka ne maras ƙyalli. Kadmiyam guba ne, ƙurarsa da hayaƙinsa na illata huhu da ƙoda. In kana zargin shi ne, kada ka kankare, kada ka sa a wuta. Tsumma da mai sun isa, sannan ka wanke hannu.

In ka samu saiti, ɗauki hoton gaba da baya, ka rubuta lambobin da abin da ka auna, da inda ka samo shi. In na gado ne, ka tambayi dattijon gidan wane inji aka yi wa aiki da shi tun yana da ƙarfin ba da labari. Mai yiwuwa akwatin da ke ƙarƙashin gadon kakanka, wanda ya yi aikin reluwe, ya fi duk abin da za ka tsinto a kasuwa. Ka buɗe shi kafin mai gwangwan ya zagayo.