Kashi 5 cikin 100 da bai iso Adar ba

Kowace ranar 31 ga Yuli, ranar da Nijar ta keɓe wa nakasassu, jawaban kusan iri ɗaya ne. Ana tuna mana cewa duk ma'aikatar gwamnati ko kamfanin da ke da ma'aikata 20 zuwa sama, doka ta ɗora masa ware kashi 5 cikin 100 na guraben aikinsa ga masu nakasa. Dokar tun ta 2 ga Maris 1993 ce. An yi mata kwaskwarima a 2010, ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2008, aka kuma kawo wata sabuwar doka a watan Disamba na 2019. Bayan jawabi sai a raba kekuna da buhunan shinkafa, kowa ya kama gabansa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a Tawa da ƙauyukan Adar akwai mutanen da wannan kaso bai taɓa shafa ba, kuma ko an aiwatar da shi ɗari bisa ɗari ba zai shafe su ba. Ina nufin waɗanda aka haifa da tawayar ƙwaƙwalwa ko ta same su tun suna goye: masu galahanga, waɗanda doguwar naƙuda ta taɓa, waɗanda sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro ya bari da rauni, waɗanda farfaɗiya ta daƙile musu fahimta.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta ce nakasassun Nijar 715,497 ne, wato kashi 4.2 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a rahotonta na 2011, ta ƙiyasta kusan kashi 15 cikin 100 na mutanen duniya. Ina da yaƙinin cewa da yawa daga cikin waɗanda nake magana a kansu sun faɗa cikin wannan tazara. Mai ƙidaya yana ganin makaho, yana ganin gurgu. Yaron da ke zaune bayan rumbu, uwarsa ba za ta kira shi nakasasshe ba. Za ta ce ba shi da lafiya, ko iskoki ne suka taɓa shi, ko ta yi shiru kawai saboda gorin kishiya.

Kuma yanzu ne maganar ta fi zafi, don wani dalili da ya kamata ya zama abin farin ciki. Tsakanin 1998 da 2009 mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Nijar ta sauko daga 226 zuwa 128 cikin kowane 1,000, kuma maganin kyauta da aka soma ba yara a 2006 na cikin abin da ya jawo haka. Yaron da a da zazzaɓi mai sanƙarar da jiki zai ɗauke, yanzu ana ceto shi, sai dai wani lokaci ƙwaƙwalwar ta riga ta taɓu. Waɗanda aka haifa wajejen yunwar 2005 yau samari ne da 'yan mata. Likita ya yi nasa, ya ceci rai. Babu wanda ya shirya abin da wannan ran zai yi idan ya kai shekara 20.

A lissafa wuraren aiki masu ma'aikata 20 a jihar Tawa: kamfanin siminti na Malbaza, asibitin Galmi, babban asibitin jiha, Jami'ar Djibo Hamani, ofisoshin gwamnati, bankuna, ƙungiyoyin agaji. Kusan duk ƙofarsu takardar shaidar karatu ce. Makahon da ya yi karatu ko gurguwar da ta sauke jami'a za su iya shiga ta wannan ƙofa, kuma haƙƙinsu ne, ina taya su neman sa. Amma yaron da malamin lakkol ya mai da gida tun aji biyu don ba ya bin sauran, kason 5 cikin 100 ba da shi aka yi ba.

Duk da haka ban ɗauki rashin guraben ofis a matsayin babban dalilin halin da suke ciki ba. Babban dalili, a ganina, shi ne ba a taɓa barin kuɗi ko shawara su faɗo hannun mutumin nan ba, ko da abin nasa ne.

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin nakasassu masu tafiyar da al'amuransu. Makafi na da sarki, guragu na da sarki, kutare na da sarki, suna sasanta rigimarsu, suna aurar da 'ya'yansu, suna zuwa fada da bakinsu. A Kano waɗanda shan inna ya naƙasa sun haɗa kai suna ƙera kekunan guragu suna sayarwa. A nan gida akwai tarayyar ƙungiyoyin nakasassu ta ƙasa, FNPH. Dukansu suna da baki, kuma da baki suka ƙwaci abin da suka samu. Mai tawayar ƙwaƙwalwa ba shi da sarki. Mai magana da yawunsa ita ce uwarsa, kuma a Adar uwar nan ita kaɗai ce a gida rabin shekara ko fiye.

Kowa ya san Ba'adare da tafiya biɗa. Ana gama girbi maza su watse zuwa Abijan, Libiya, Aljeriya, Najeriya, Kamaru. Ko aikin raya ƙasa na Keita da aka soma a 1984, mata ne suka ɗauki yawancin duwatsunsa, domin mazan ba sa nan. To a dubi matar da ke da ɗa ɗan shekara 15 wanda ba ya iya zama shi kaɗai. Za ta rijiya, za ta itace, za ta surfe. Idan babu ƙanwar da za a cire daga makaranta ta zauna da shi, sai ta kulle shi a ɗaki, ko ta ɗaura masa zane a ƙafa ta ɗaure jikin turke don kada ya bi hanya ya ɓata. Na ga haka, kuma ban ga mugunta a fuskar uwar ba, gajiya na gani. Idan mijin ya aiko kuɗi ta Nita ko Al Izza, galibi wansa ko mahaifinsa ke zuwa karɓa, shi ke rabawa: hatsi, biki, bashi, takin gona. Maganin farfaɗiya na wata-wata shi ne na ƙarshe a layi, idan ma ya shiga.

Gado ma haka. Shari'a ba ta hana mai raunin hankali rabonsa ba. Fiƙihun Malikiyya da muke bi ya sa dukiyarsa a hannun waliyyi, amma dukiyar tasa ce, daga cikinta ake ciyar da shi, a tufatar da shi, kuma waliyyi amana ya riƙe. A aikace kuwa gonar takan narke cikin ta 'yan'uwa, a ce ai muna ba shi abinci. Akuyar da kakarsa ta ba shi takan tafi kasuwar Lahadi ranar da wani ya tashi aure, ba wanda ya tambaye shi. Mutumin da ke da rabin gona a takarda yakan ƙare yana cin ragowar tuwo a matsayin alfarma.

Sana'a ɗaya da ke buɗe masa ita ce bara, kuma ita ma ba shi ke juye ƙoƙon ba. Akwai mai kai shi bakin tasha ko ƙofar masallaci da safe ya dawo da yamma ya karɓe. Da wani gidan talabijin na Senegal ya nuna mabaratan Nijar a titunan Dakar a watan Maris na 2022, gwamnati ta ji kunya, ta tura jirgi ta kwaso su, aka kuma hana bara a Yamai daga 1 ga Mayun shekarar. Hani ba laifi ba ne. Amma wanda aka ɗauke daga bakin titi ba a ba shi wani abin yi ba, ɗaki aka mai da shi.

Abin mamaki, hujjar cewa hannun da ya karɓi kuɗi shi ke yanke abin da za a yi da su, a jihar Tawa aka kafa ta. A 2010, bayan fari, ƙungiyar Concern ta raba wa iyalai a ƙauyuka 96 kimanin jika 22 kowane wata har wata 5. Wasu an ba su hannu da hannu, wasu ta wayar salula da tsarin Zap. Mai bincike Jenny Aker da abokan aikinta sun gano cewa gidajen da matan suka karɓa ta waya sun fi cin abinci iri-iri, yaransu sun fi samun abin ci, kuma ɗaya daga cikin bayanan da suka bayar shi ne matar ta fi samun ta cewa idan kuɗin suka shigo mata ba a bainar jama'a ba. Kuɗin iri ɗaya ne, hanyar isowarsu ce ta bambanta. Shirin tallafin gwamnati da Bankin Duniya da aka soma a 2011, wanda ya fara da ba mata jika 10 duk wata, shi ma Tawa na cikin jihohinsa. Ke nan hanyar kai kuɗi ƙauye tana nan. Abin da ba a yi ba shi ne a ce wannan kason na wane ne, da sunansa.

A Ingila tun 1996 doka ta yarda a ba nakasasshe kuɗin kulawarsa ya ɗauki wanda yake so ya taimake shi. Ostireliya ta kafa nata tsarin a 2013. Darasin Ingila ya fi amfani gare mu, domin da farko masu tawayar ƙwaƙwalwa kaɗan ne suka amfana, saboda an gindaya sharaɗin sai mutum ya iya tafiyar da kuɗin. Sai a 2009 aka buɗe ƙofa wani amintacce ya karɓa a madadin wanda ba zai iya ba. Mu ba mu da dukiyar Ingila. Amma amintaccen da suka ɗauki shekaru kafin su shigar cikin doka, mu muna da shi tun tuni, shi ne waliyyi. Abin da ya rage a sa masa ido.

Batun aiki kuma, mai ɗaukar ma'aikata na gaskiya a Adar shi ne maigida: maƙeri, tela, mai injin niƙa, mai garkar albasa, mahauci. Koyon sana'a a wurinsu ba ya neman karatu, kallo ne da maimaitawa, kuma da haka ne mai raunin fahimta ke koyo. Masana a Amurka sun daɗe da kai wa ga wannan, cewa a fara sa mutum a wurin aikin sannan a koya masa a can, ya fi a tsare shi a aji ana jiran ya shirya. Wanda ya tsaya inda ake tsintar albasa wajejen Galmi da Madawa ya san aikin: a ware ruɓaɓɓiya, a ware manya da ƙanana, a cika buhu, a ɗinke. Na kalli wani saurayi da ba ya iya lissafin canji yana wannan aiki, yana juya kowace albasa a tafinsa yana danna wuyanta da babban yatsa, ba ya gajiya, ba ya surutu. Da yamma sauran suka karɓi kuɗinsu. Shi aka ba shi fura da ɗan abin goro, aka ce Allah ya yi albarka. Aikin yana nan, iyawar tana nan, ladan ne aka danne, domin an san ba zai yi gardama ba.

Kiwon turka ma haka: rago ɗaya a gida, a ba shi dusa da harawa, a sayar da shi gab da Layya. Da a ce asusun koyon sana'a na FAFPA da cibiyoyin koyar da sana'o'i na gundumomi za su biya maigida wani abu don ya riƙe irin wannan almajirin sana'a wata shida, tare da yarjejeniyar lada a gaban shaidu, da kuɗin bikin 31 ga Yuli ɗaya ya ɗauki samari da dama.

Na san abin da za a ce. Ƙasa na fama da tsaro, ba a manta da mutum 137 da aka kashe a yankin Tiliya a watan Maris na 2021 ba, masu ba da agaji da yawa sun ja da baya tun 2023, kuma lafiyayyu masu digiri ma suna zaune ba aiki. Za a ƙara da cewa kuɗin da aka ba wanda bai san ƙimarsu ba, 'yan'uwa za su cinye. Akwai gaskiya a ciki, kuma akwai waɗanda tawayarsu ta yi nauyin da ba za su taɓa yin sana'a ba, kulawa suke buƙata har ƙarshen rayuwa. Sai dai cinyewar da ake tsoro ita ake yi yanzu, ba shaida, ba rubutu. Kuma mai da wa mutum gonarsa da ladan guminsa ba ya jiran kasafin kuɗin ƙasa.

'Yan mata ne suka fi shan wahalar wannan shiru. Namiji ko ba komai yana fita, ana ganinsa. Mace mai tawayar ƙwaƙwalwa tana cikin gida tana daka da wanke-wanke ba lada, idan wani marar tsoron Allah ya yi mata ciki a rufe maganar don ba ta iya faɗin sunansa yadda alƙali zai karɓa, ko a aurar da ita ga wanda ya fi kowa araha. Uwayensu kuma tambaya ɗaya suke yi idan hira ta yi nisa: in na mutu, wa zai riƙe ta?

Amsar da ta fi kusa da hannu tana wurin matan da kansu. Ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara, da aka fara a Maraɗi a 1991, sun bazu har ƙauyukan Adar, suna da akwati, suna da masu riƙon makulli, suna lissafi a gaban kowa duk mako. Irin wannan zama zai iya riƙe kason yarinya da sunanta, uwarta ko waliyyinta ya cira a gaban mata 20, a tambaye ta ita ma ko tunkiya take so ko keken ɗinki ko magani, a jira har ta nuna. Magajin gari da hakimi kuma su rubuta sunayen irin waɗannan samari da 'yan mata unguwa-unguwa, tare da abin da kowannensu ya gada, limami ya sa hannu.