Kiwon mesa da kunkuru a ƙasashen Turawa: akwai riba ko sha'awa ce kawai?

A nan ƙasarmu, in aka ce kiwo, abin da ke zo mana a rai shi ne tunkiya, akuya, saniya ko zabbi. Amma a Amurka da Turai akwai dubban mutane da ke kiwon macizai, ƙadangaru da kunkuru a cikin ɗakunansu, kamar yadda yaranmu ke kiwon tantabaru. Har kasuwanni gare su, irin wadda ke ci a garin Hamm na ƙasar Jamus da ta Daytona a Amurka. Abin da ya sa muka ga ya dace mu leƙa wannan harka shi ne, da yawa daga cikin dabbobin nan asalinsu daga Afirka ta Yamma suke.

Wadda ta fi farin jini ita ce wata ƙaramar mesa da Faransawa ke kira python royal. Ba ta da dafi, tsawonta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, kuma in ta tsorata sai ta dunƙule kamar ƙwallo. Daga Togo, Benin da Gana aka fi fitar da ita. Mafarauta kan kamo mata masu ƙwai daga daji su kai gidajen kiwo, in ƙwan ya ƙyanƙyashe a zuba ƴaƴan a jirgin sama.

Kuɗi sun shigo harkar ne ta hanyar launi. A shekarar 1992 wani Ba'amurke, Bob Clark, ya samu ƴaƴan zabiyar mesa na farko a hannun mai kiwo. A 1997 kuma Peter Kahl ya samu masu dabbare-dabbaren fari. A lokacin, guda ɗaya takan kai dubban dalolin Amurka. Jin haka sai jama'a suka yi caa, kowa ya sayi iri ya shiga kiwo. Yau zabiyar nan da ɗaruruwan daloli kaɗan ake sayen ta, mai launin daji kuwa kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Dalili a fili yake: abin da ya yi tsada don ƙarancinsa, da zarar kowa ya same shi to darajarsa ta faɗi. Wanda ya riga kowa shi ya kwashi romo, na baya kuwa jarinsa ke narkewa tun kafin mesarsa ta yi ƙwai.

Bari mu yi lissafi. Macen takan yi shekara 2 zuwa 3 kafin ta isa haihuwa. Sau ɗaya take ƙwai a shekara, galibi wajen guda 6, wata shekarar ma ta ƙi. Ƙwan na buƙatar kusan kwana 60 cikin zafi na digiri 31 zuwa 32. Duk tsawon wannan jira mai kiwo na sayen ɓeraye, yana biyan kuɗin wuta, akwatuna da likitan dabbobi. Ƴaƴan da ba su samu mai saye ba kuma ci za su ci gaba da yi. Shi ya sa mai mesa biyar ko goma, in ya mayar da kuɗin abinci ya gode Allah. Masu sayar da ɓeraye da akwatuna kuwa kullum kasuwarsu na ci.

Labarin babban kunkurun Sahel, wanda ke zaune a dazuzzukanmu kuma ake ajiye shi a wasu gidaje, ya fi ban tausayi. A shekarar 2000 yarjejeniyar CITES ta tsayar da fitar da na daji don kasuwanci, Amurka ma ta hana shigo da shi saboda kaska mai ɗauke da cutar dabbobi. Amma macen na yin ƙwai 15 zuwa 30 a zubi ɗaya, don haka masu kiwo a can suka cika kasuwa da ƴaƴa masu araha. Mai saye ya ɗauki ɗan abin da bai cika tafin hannu ba, ya manta zai iya wuce kilo 40, ya haƙe tsakar gida, ya yi shekara 70 a duniya. Da yawa sun ƙare a gidajen tsugunar da dabbobin da aka yar. A can sun yi yawa, a nan mahaifarsu kuwa suna cikin jerin masu fuskantar ɓacewa.

Saboda haka muna jan hankalin matasanmu da ke ganin farashi a intanet suna lissafin miliyoyin sefa. Doka mai lamba 98-07 ta 1998 ce ke tsara farauta da kare namun daji a Nijar, kuma fitar da irin waɗannan dabbobi waje sai da takardun hukuma. Wanda ya kamo kunkuru a daji shi ke samun mafi ƙanƙantar rabo, shi ne kuma zai fara haɗuwa da jami'an gandun daji. Mai neman riba, ragon layya bai taɓa rasa mai saye a kasuwar Maraɗi ko Damagaram ba. Kunkuru kuwa mu bar shi a raminsa, ko jikokinmu sa gan shi da idonsu.