Sabunta Wayar Hannu: Garin Neman Gira

Daga Wakilinmu

Ran Laraba 24 ga watan Satumba na shekarar 2014, kamfanin Apple na ƙasar Amurka ya aika wa masu riƙe da wayoyinsa wani ɗan gyara da ya kira iOS 8.0.1. Nufinsa shi ne ya toshe waɗansu kurakurai da aka gano a cikin babbar manhajarsa ta iOS 8, wadda mako guda ke nan da fitowarta. Mutanen da suka yi hanzarin karɓar gyaran a kan sabuwar waya samfurin iPhone 6, wadda kwananta biyar kacal a kasuwa, sai suka tarar wayar ta daina ganin sabis, ba a kira ba a amsawa, wurin dangwala yatsa kuma da ake buɗe ta da shi ya ƙi aiki. Bayan kamar awa guda kamfanin ya janye gyaran, amma kafin nan wayoyin da suka kamu sun kusa 40,000 bisa ga lissafin kamfanin da kansa. Sai washegari aka fito da gyaran gyara, watau iOS 8.0.2.

Wannan ba aikin ɗan koyo ba ne. Kamfani ne da ke cikin mafiya arzikin duniya, mai dubban injiniyoyi. To, me ya sa irin wannan ke faruwa, har ya zama kusan kowace shekara sai an ji labarinsa?

Da farko ya kamata mai karatu ya san abin da ake sabuntawa. Kowace babbar waya tana da wata uwar manhaja wadda ita ke tafiyar da kome: ita ke haɗa kira, ita ke kula da batir, ita ke bai wa sauran ƙananan manhajoji irin su WhatsApp da na banki izinin amfani da kyamara ko intanet. A yau guda biyu ne suka mamaye duniya, watau iOS ta Apple da Android ta kamfanin Google. Kowacce daga cikinsu tarin umurni ne da mutane suka rubuta layi bayan layi, har miliyoyin layuka, kuma waya ba ta da hankalin da za ta gane abin da marubuci ya yi nufi, abin da ya rubuta shi take bi. Idan ya yi kuskure, kuskuren za ta aiwatar. Masu wannan sana'a ƙwaro suke kiran irin wannan kuskure, sunan kuwa ya dace, domin yakan ɓuya shekara da shekaru ba a gan shi ba sai ranar da ya yi ɓarna.

Waɗansu ƙwarin abin dariya ne ga wanda ba su cije shi ba. Ran Litinin 1 ga Nuwamba 2010, bayan ƙasashen Turai sun mayar da agogonsu baya da awa guda kamar yadda suka saba yi a ƙarshen Oktoba, ma'aikata da yawa sun makara zuwa ofis domin ƙararrawar iPhone da suka dogara da ita ta buga a makare da awa ɗaya. A watan Nuwamba 2012 kuma Google ya fito da Android 4.2, sai aka ga a wurin rubuta ranar haihuwar abokai babu watan Disamba sam, daga Nuwamba sai Janairu. A shekarar 2017, wanda ya danna 1+2+3 da sauri a kalkuletar iOS 11 yana iya samun amsa 24, domin alamar tarawa ta biyu ba ta shiga, wayar ta ɗauka 1+23 aka ba ta. Ɗalibin da ya kai wa malaminsa wannan amsa ya san abin da zai tarar.

Rana ta riga aiki

Girman manhaja kaɗai bai isa ya bayyana al'amarin ba. Babban dalili, a ganinmu, shi ne kalanda. Apple ya saba nuna sabuwar iOS a taron masu rubuta manhaja cikin watan Yuni, sa'an nan ya sake ta ga jama'a cikin Satumba, daidai lokacin da sababbin wayoyinsa ke shiga kasuwa. Sabuwar waya ba ta fita sai da sabuwar manhaja, masana'antu kuwa sun riga sun ƙera wayoyi, an biya kuɗin talla, 'yan kasuwa suna jira kafin cinikin Kirsimeti. Watau an tsayar da ranar biki tun kafin maɗinki ya yanka yadi. Idan ranar ta zo, ko hannun riga bai haɗu ba haka za a sa ta a fita, a ce za a ƙarasa daga baya.

Abin da ya auku da iOS 11 ya nuna haka a fili. Ban da kalkuleta, cikin Nuwamba 2017 waɗansu wayoyin sun riƙa mayar da harafin "i" zuwa "A" da wata alama marar ma'ana. Ran 2 ga Disamba wani ƙwaro mai alaƙa da kwanan wata ya sa wayoyi suna ɗaukewa suna dawowa ba ƙaƙƙautawa, har kamfanin ya fito da iOS 11.2 a gaggauce cikin ƙarshen mako. A watan Fabrairu 2018 kuma aka gano harafi guda na harshen Telugu, wanda ake yi a kudancin Indiya, yana iya kayar da manhajar saƙonni da zarar an turo shi. Da kuka ya yi yawa, kamfanin ya ɗage waɗansu sababbin abubuwan da ya shirya, ya mai da hankalin iOS 12 ta 2018 wajen sauri da inganci. Jama'a suka yaba, har tsohuwar iPhone 5s ta 2013 ta sami sauƙi.

Amma darasin bai daɗe ba. An saki iOS 13 ran 19 ga Satumba 2019, kafin 28 ga Oktoba an bi ta da gyara har sau biyar, watau cikin kwana 40. Kamfanin labarai na Bloomberg ya ba da rahoto a watan Nuwamba na wannan shekara cewa injiniyoyi sun kasance suna zuba aikin da bai kammala ba cikin manhajar gwaji kowace rana, har ta kai masu gwajin ba sa iya gane wane sashe ne ya lalata wane. Daga nan aka canza tsari, aka ce duk abin da bai nuna ba a bar shi a kashe sai mai gwaji ya kunna shi da kansa. Har ila yau Bloomberg ya ce cikin 2023 kamfanin ya dakatar da aikin manhajar shekara mai zuwa na mako guda domin farautar ƙwari. Duk da haka, a watan Mayu 2024 iOS 17.5 ta dawo wa waɗansu mutane da hotunan da suka goge tun shekarun baya. Kowa ya san ba kowane hoto ne mai shi ke son ya sake gani ba, balle iyalinsa.

Matsalar Android kuwa ta hannu da yawa ce. Google ya rubuta, masu ƙera ƙwaƙwalwar waya irin su Qualcomm da MediaTek su daidaita ta da kayansu, sa'an nan masu ƙera waya irin su Samsung da Xiaomi da Tecno kowa ya ɗora nasa ado, a waɗansu ƙasashe ma sai kamfanonin sadarwa sun sa hannu. Wani kamfanin bincike mai suna OpenSignal ya ƙirga samfurin na'urori 24,093 masu amfani da Android a shekarar 2015. Babu ɗakin gwajin da zai iya gwada gyara a kan wannan adadi. Saboda haka sukan saki gyara kaɗan kaɗan, a fara da 'yan mutane a ga abin da zai faru, wanda ma'anarsa ita ce waɗanda suka fara karɓa su ne zakarun gwajin dafi. Ran 22 ga Maris 2021 wani ɗan sashe na Android mai suna WebView, wanda ke sabunta kansa ba tare da an tambayi mai waya ba, ya sa Gmail da manhajoji masu yawa suna rufewa da an buɗe su. A Oktoba 2023 kuma Android 14 ta kulle wa waɗansu masu wayar Pixel, ta Google da kansa, ma'ajiyar hotuna da takardunsu, kamfanin kuma ya ce mai yiwuwa waɗansu ba za su sake ganin abin da suka ajiye ba.

Akwai kuma abin da ba kuskure ba ne, da gangan aka yi. Cikin Janairu 2017 Apple ya sa wani tsari a cikin iOS 10.2.1 mai rage saurin waya idan batirinta ya tsufa, domin kada ta riƙa mutuwa ba zato. Dabarar tana da hujja, amma ba a gaya wa masu waya a fili ba, mutane da yawa kuwa da suka ga wayarsu ta yi nauyi sai suka ɗauka ta tsufa ne, alhali sabon batir kawai take bukata. Sai a Disamba 2017 kamfanin ya amsa, ya nemi gafara, ya rage kuɗin canza batir daga dala 79 zuwa 29. A Fabrairu 2020 hukumomin Faransa suka ci shi tarar Yuro miliyan 25 saboda rashin sanar da masu saye, a Amurka kuma ya yarda ya biya diyyar da za ta iya kai wa dala miliyan 500. Daga wannan lokaci zargin nan da ake yi a ko'ina, cewa kamfanoni na kashe tsofaffin wayoyi ne don a sayi sababbi, ya sami gindin zama, ko da a inda ba shi da tushe.

Ƙin karɓa ya fi haɗari

Mai karatu na iya cewa, to ai magani ya samu, sai a daina sabuntawa. Nan ne gizo ke saƙa. Galibin abin da ke cikin ƙananan gyare-gyaren nan ba ado ba ne, toshe ƙofofin ɓarayi ne. A watan Fabrairu 2014 aka gano cewa layi ɗaya tak da aka maimaita bisa kuskure a cikin iOS yana sa waya ta tsallake binciken da ke tabbatar mata cewa shafin da ta shiga na gaskiya ne, watau mugu na iya shiga tsakanin mutum da bankinsa. A Yuli 2015 masu bincike na kamfanin Zimperium suka bayyana wata ɓaraka a Android, wadda aka sa wa suna Stagefright, da ta shafi wayoyi kimanin miliyan 950, inda saƙon bidiyo guda ya isa a kutsa cikin waya. Wannan ne ya tilasta wa Google da Samsung suka yi alkawarin fitar da gyaran tsaro kowane wata. A Janairu 2019 kuma wani yaro ɗan shekara 14 a jihar Arizona ya gano cewa ta hanyar kiran FaceTime na jama'a yana iya jin abin da ake faɗa a wancan gefe tun kafin a ɗauki kiran. Iyalinsa sun fi mako guda suna neman wanda zai saurare su a kamfanin. Wanda ya ƙi karɓar irin waɗannan gyare-gyare yakan bar ƙofarsa a buɗe.

Wannan sashe shi ya fi shafar mu. Yawancin wayoyin da ke hannun ma'aikata da ɗalibai a nan masu araha ne, ko kuwa na hannu da aka shigo da su bayan sun yi shekaru a Turai, kuma a kansu ake karɓar albashi, ana biyan kuɗin makaranta, ana aika takardun ofis. Wayoyi masu araha da yawa ba su cika samun gyara na tsawon lokaci ba. Wanda ya sayi ta hannu kuwa sau da yawa kamfaninta ya riga ya yaye ta, ba ta sabuntuwa ko ya so. Wanda tasa ke sabuntuwa ma, babban gyara yakan ci gigabait da dama na data, ga shi yana bukatar batir mai caji, ga halin da wutar lantarki take ciki. Idan abu ya lalace, ba a cika samun ofishin kamfani a kusa ba, sai masu gyaran waya na kasuwa, su kuwa maganinsu na ƙarshe shi ne a wanke wayar a sake zuba mata manhaja, duk abin da ke ciki ya tafi.

Shawarar da masana suka saba bayarwa ita ce a raba gyara gida biyu. Ƙaramin gyaran tsaro a karɓe shi da wuri. Babbar sabuntawa ta shekara kuwa, wadda lambarta ke canzawa gaba ɗaya, babu laifi a jinkirta mata mako biyu ko uku har a ji abin da ya sami na gaba, kuma kafin a taɓa ta a kwafe lambobi da hotuna da takardu a ajiye a wani wuri. Kada a yi ta daren jarrabawa ko jajibirin tafiya. Masu iPhone kuma su sani, 'yan kwanaki ko makonni kaɗan bayan fitowar sabuwa kamfanin yakan rufe hanyar komawa tsohuwa, in an shiga an shiga ke nan.

A wajen saye ma akwai tambayar da ba mu saba yi ba. Muna tambayar girman ma'ajiya da kyawun kyamara, amma ba ma tambayar shekara nawa kamfanin zai ci gaba da aiko da gyara. Google ya yi alkawarin shekara bakwai ga Pixel 8 a 2023, Samsung ya bi sahu da Galaxy S24 a Janairu 2024, amma waɗannan wayoyi ne na masu hali. Tarayyar Turai ta ɗauki matakin doka: daga 20 ga Yuni 2025, duk sabon samfurin wayar da za a shigar kasuwarta tilas a ci gaba da sabunta manhajarsa aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da shi. Dokar ta ƙasashen Tarayyar ce kaɗai, ba ta hau kan wayar da aka ƙera domin kasuwar Kano ko Maraɗi ba.